Tsohon mashin ɗina da maganar inji

Shekara uku kenan ina hawan Boxer ɗin nan da na saya na hannu a nan Gombe, kuma har yau shi ke kai ni aiki daga Pantami, wani lokacin har Kumo in sha'ani ya taso. Mutane na yawan tambayata wai mashin na hannu yana da amana kuwa? Yana da ita mana, amma fa sai wanda ya riga ka hawa ya riƙe masa amanar baƙin mai.

Ranar da na je saye mai shi ya riga ya tada shi, inji da ɗumi, kik ɗaya ya kama, ƙara lafiya lau, na biya na taho. Sati uku ba a yi ba sai ga hayaƙi shuɗi-shuɗi daga salansa da safe, baƙin mai kuma yana raguwa ba tare da na ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Bakanike na ya buɗe ya kalle ni yace Alhaji ai ringi ya cinye, man yana haurawa saman fistin yana ƙonewa tare da fetur, kuma an zuba mai kauri ne don a ɓoye hayaƙin. Abin ya min ciwo sosai, don kuɗin tarawa na yi. Shi ya sa duk wanda zai sayi na hannu nake roƙonsa ya je da sassafe, ya taɓa injin da hannunsa ya ji sanyi kafin a buga kik, sannan ya tsaya bayan salansa ya duba. Jincheng irin na da mai shan 2T, wato man inji da ke ƙonewa tare da fetur, dama da hayaƙinsa aka yi shi, amma Boxer fo-sitirok ne, wato injin da ba ya ƙona baƙin mai tare da fetur, in lafiya yake bai kamata ya yi shuɗin hayaƙi ba sam.

Baƙin hayaƙi kuma wata magana ce daban, yawanci fetur ne ya fi iska yawa, ko filta ta toshe, kuma kun san ƙurar hunturu a garin nan ba wasa ba ce, ni duk sati biyu nake sa a wanke min ita in sanyi ya shigo. Filogi ma in ka kwance ka ga ya yi baƙi ƙirin ya gama faɗa maka labari.

Sai man 'yan bumburutu. Tun da aka cire tallafi a 2023 da yawanmu muka koma sayen lita ɗaya a kwalba, wani da datti wani har da ruwa, sai ya taru a kafireta mashin ya dinga shaƙewa yana mutuwa a tsakiyar titi. Sau biyu ya min haka a hanyar Dadin Kowa.

Ƙarar kas-kas-kas ta bawul ba ta tada min hankali, saiti ne kawai. Wadda nake tsoro ita ce ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, wannan kam kashe shi nan take kar ka ce bari in ƙarasa gida. Yanzu duk safiya sai na zaro ma'aunin baƙin mai na duba kafin in fita, lita ɗayan baƙin man nan kuma duk wata nake juye ta ko da aljihu ya yi zafi.