Kada ku jira sai shekarar ƙarshe kafin ku fita daga aji

Ƙannena masu karanta tarihi, musamman ku da kuke ƙananan kwalejoji irin wadda na yi a nan Kaduna, akwai wani abu da ya daɗe yana cina a rai, kuma gara in faɗa muku shi tun kuna da sauran lokaci.

Ban shiga sashen tarihi da son raina ba. Lauya na so zama, makina bai kai ba, aka tura ni can. A ajinmu ba mu cika ashirin ba, malamanmu kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Duk wanda ya tambaye ni me nake karantawa, sai in amsa ƙasa-ƙasa, don na san abin da zai biyo baya: "Tarihi? To me za ka ci da shi?" Wannan kunyar ita ta fara cutar da ni. Na ɗauki karatun a matsayin wani kogi da zan haye in wuce, saboda haka shekara uku cur ban san komai ba sai handawut, wato takardun darasi da malamai ke rabawa. In haddace cewa an fara jihadi a 1804, Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, an yi yaƙin Satiru a 1906, in juye a takardar jarrabawa, in manta. Ina cin jarrabawa kuwa. Amma da za ka tsayar da ni ka ce, "Ta yaya aka san haka?" da ba ni da amsa.

Abin da ke min ciwo shi ne, a Kaduna nake. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan kan titin Yakubu Gowon, masu bincike na tasowa daga Ingila da Amurka domin takardun da ke cikinsa. Gidan Arewa yana kan titin Rabah, a gidan da Sardauna ya zauna har daren 15 ga Janairun 1966, kuma tun 1970 ake tara littattafai da rubuce-rubucen Larabci da na ajami a wurin. Gidan kayan tarihi yana kan titin Ali Akilu. Kuɗin mota ɗaya zai kai ni kowanne. Ban taka ko ɗaya ba sai da furojet, wato binciken kammala karatu, ya matsa min a shekarar ƙarshe.

Ba na manta ranar da aka fara miƙo min fayil. Rahoton kimanta haraji ne na wata gunduma a lardin Zazzau. Takardar ta yi ja, gefenta na marmashewa, tsatsar allurar da aka maƙale ta da ita ta ci kusurwa. Wani Di'o ne ya buga da tafireta: yawan magidanta, yawan shanu, abin da ake nomawa, kuɗin da za a iya karɓa. Na zauna na kwafe adadin shanun nan ɗaya bayan ɗaya, na kai wa malamin da ke duba min aiki ina murna. Ya duba, ya ɗago ya ce, "Wa ya ƙirga shanun? Kuma makiyayin da ya san jangali za a yanka masa, zai fito da garkensa duka?" Shiru na yi. Ya ci gaba da cewa Baturen nan ta bakin tafinta ya ji yawancin abin da ya rubuta, a gaban hakimi da dagatai, kuma kowannensu yana da abin da yake so a rubuta da wanda yake so a ɓoye. A minti goma ɗin nan na koyi abin da ban koya a shekara uku ba, wato duk takardar da ta zo hannunka ka tambaye ta wa ya rubuta ta, don wa, kuma me yake nema. Malamin nan ofishinsa a buɗe yake tun ina aji ɗaya. Amfanin ƙaramar makaranta ke nan, malami ya san sunanka, yana da lokacinka. Ni ne ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar ba.

A cikin fayil ɗin akwai wata wasiƙa da rubutun hannu irin na makarantar allo. Na yi allo ina yaro, amma na watsar, na kasa karanta ko layi biyu. Muryar mutanen ƙasar ke nan a tsakiyar takardun Bature, na tsallake ta. Idan kuna da Larabci ko ajami, ku riƙe shi da kyau, wanda ba shi da shi ya nemi malami a unguwa ya koya ko da bayan magariba ne.

Amma duk wannan mai sauƙi ne, takarda tana jira. Wanda ba ya jira shi ne mutum.

Wan mahaifiyata ya yi aiki a masaƙa a Kakuri tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. A 1957 aka buɗe masaƙa ta farko a can, wasu suka biyo baya, har Kaduna ta zama garin da aka sani da atamfa da yadi, kafin su yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Kawu ya ga tashin abin, ya ga faɗuwarsa. Kunnensa ɗaya ya toshe saboda ƙarar injin. Idan na je gaishe shi a Tudun Wada, yakan zaunar da ni a kan tabarma a zaure ya fara: yadda ake busa jiniya lokacin canjin aiki, yadda titi ke cika da kekuna, yadda Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo suke ci a kwano ɗaya lokacin hutu, yadda suka shiga ƙungiyar ƙwadago. Ni kuwa idona na kan agogo. Sai in ce, "Kawu, zan dawo mu zauna sosai, yanzu ina da karatu." Ya ce, "To ɗan nan, Allah ya ba da sa'a." Karatun da nake gudu in je in yi, haddar handawut ne a kan juyin masana'antu na Ingila. Ga mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban injin saƙa yana ba ni labari kyauta, ban gane cewa tarihi nake ji ba.

Sai da na zaɓi masaƙun Kakuri a matsayin batun furojet ɗina sannan na tuna da shi. Na rubuta tambayoyi goma sha biyar a takarda, na sa ranar Asabar. Ranar Laraba da asuba aka kira ni, Kawu ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na nemi wasu tsofaffin ma'aikata, na samu, sun taimaka min, Allah ya saka musu. Amma ni baƙo ne a wurinsu, sun ba ni abin da ake ba baƙo. Kawu da zai faɗa min abin da ba a faɗa wa baƙo, kamar yadda aka yi ya ciyar da gida a watannin da ba albashi.

Yanzu kowannenku yana da waya mai ɗaukar murya. A makon nan ku je wurin tsoho ko tsohuwar gidanku, ku gaisa yadda ya kamata, ku nemi izini kafin ku kunna. Kada ku ce "ba ni tarihi", za su ce ba su san komai ba. Ku tambayi ƙaramin abu: nawa ne kuɗin jirgin ƙasa zuwa Kano lokacin, me aka kai na lefe, ina kuke ranar da aka ji labarin rasuwar Sardauna. Ku bar su su karkace, kada ku katse. Da kun koma gida ku rubuta sunan wurin da ranar, ku ajiye muryar a wuri biyu. Kada kuma ku tsaya kan maza kawai, iyayenmu mata sun riƙe abubuwan da ba su shiga fayil ɗin kowane Di'o ba.

Bayan sadakar bakwai, matar Kawu ta miƙo min wata tsohuwar jakar leda. A ciki akwai katin shaidarsa na aiki da hotonsa yana saurayi, da katin ƙungiya, da wani hoto na mutum shida a tsaye gaban injin, kowa da hannu a kafaɗar ɗan'uwansa. Na tambaye ta su wane ne sauran biyar ɗin. Ta ce, "Ai shi kaɗai ya san su."