Kujera Nawa Ce Babu Kowa a Kanta?

Da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na dare autarmu ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa don kada ta tashi abokiyar ɗakinta. Watanta uku kacal da fara karatun kimiyyar sinadarai a wata jami'ar gwamnati a Amurka, mai kyau daidai gwargwado amma ba ta cikin waɗanda sunansu ke kaɗa zuciya. Ta ce, "Yaya, so nake in sauya jami'a baɗi. Ka faɗa mini gaskiya, kashi nawa cikin ɗari kake ganin za su ɗauke ni?"

Lissafi nake koyarwa, shi ya sa a gidanmu duk tambayar da ke da "kashi nawa" a kaina take faɗowa. Na ce ta ba ni mako guda. Ban so in ce mata "kina da ƙoƙari, za ki samu" ba, domin bara haka kowa ya riƙa ce mata, har manyan jami'o'i huɗu suka aiko da wasiƙar ba da haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Ni na zauna da ita a ranar ta huɗun, na san abin da wannan daɗin bakin ya jawo mata.

Abu na farko da na duba shi ne alƙaluman da kowa ke yawo da su. A shekarar 2022 mutum 61,220 suka nemi shiga ajin farko a Harvard, aka ɗauki 1,954, wato kashi 3 da ɗan ɗoriya cikin ɗari. Mutane suna ɗaukar wannan adadi tamkar shi ne rabon kowane mai nema. Ba haka ba ne. Matsakaici ne da aka fitar bayan an zuba mutane iri-iri a kwando guda. Takardun da suka fito lokacin shari'ar da aka yi da jami'ar kan tsarin ɗaukar ɗalibanta, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kanta a Yunin 2023, sun nuna cewa a shekarun da aka bincika kusan ɗaya cikin uku na 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ake ɗauka, 'yan wasan da masu horarwa suka zaɓo kuwa sama da kashi 80. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage wa yarinya irin tamu, wadda ba ta da uba ko uwa da suka taka ƙofar jami'a, ya gaza wannan matsakaicin.

Akwai kuma wani lissafi da na ga ɗalibai suna yi wanda yake damuna ƙwarai, domin a takarda daidai yake. Manhajar Common App, wadda ake neman shiga jami'o'in Amurka ta cikinta, tana bari mutum ya nemi jami'a har 20. Sai yaro ya ce, in kowace tana ɗaukar kashi 4, na nemi ashirin, damar in samu aƙalla guda ta kai kashi 56. Da ƙuri'a ake jefawa, da lissafin ya yi daidai. Amma sakamakon jarrabawa ɗaya ne, rubutu ɗaya, wasiƙun malamai ɗaya ake aika wa dukansu. Raunin da ya sa ta farko ta ajiye takardunka, shi ne ta goma sha tara za ta gani.

Duk wannan maganar masu shiga ajin farko ce. Sauya jami'a kuwa wani gida ne daban, kuma nan ne na fi daɗewa ina tono. Tambayar da ta kamata a fara yi ba "ina da ƙoƙari?" ba ce. Ita ce: kujera nawa ce babu kowa a kanta? Jami'ar da kusan duk wanda ta ɗauka yake zama har ya kammala ba ta da wurin da za ta saka baƙo. Harvard kan ɗauki mutum goma sha wani abu a shekara daga cikin masu neman sauyi da suka haura dubu, ƙasa da rabon masu ajin farko ke nan. Princeton ta rufe wannan ƙofa tun 1990, ba ta sake buɗewa ba sai 2018, inda ta ɗauki 13 cikin 1,429, kuma ta bayyana cewa tsofaffin sojoji da ɗaliban kwalejojin shekara biyu da 'ya'yan marasa ƙarfi ta fi nema. Oxford a Ingila ba ta ma karɓar mai sauyi. In kana so, ka nemi ajin farko ka faro daga tushe.

Sai ga Jami'ar Kaliforniya, inda abin ya juye gaba ɗaya. Tun tsarin ilimi mai zurfi da jihar ta kafa a 1960 aka ware hanya daga kwalejojin shekara biyu zuwa jami'a. A UCLA, reshenta na Los Angeles, masu neman ajin farko kusan kashi 9 ake ɗauka a 'yan shekarun nan, masu sauyi kuwa wajen ɗaya cikin huɗu. Da na gani na yi murna, na ɗauka na samo mata mafita. Da na ƙara karantawa sai na ga fiye da kashi 90 na waɗanda ake ɗauka daga kwalejojin jihar suke fitowa. Ƙofar a buɗe take, amma ba don mai zuwa daga inda autarmu take aka gina ta ba.

Ga wanda ke cikin irin wannan hali: yawancin jami'o'in Amurka suna wallafa wata takarda mai suna Common Data Set kowace shekara. Sashen D na masu sauyi ne, yana nuna nawa suka nema, nawa aka ɗauka, nawa suka shiga. Minti goma a kan wannan shafi ya fi wata guda na tambayar baƙi a intanet "kuna ganin zan samu?"

Da mako ya cika na kira ta. Na ce, "Auta, ba zan iya ba ki lamba ɗaya ba, amma biyu daga cikin jami'o'in da kika lissafo, ki ɗauka kamar rabo ne, in ya zo alhamdulillahi. Sauran ukun suna ɗaukar ɗaruruwa duk shekara, kuma da makinki kina cikin layi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To in haƙura ke nan?"

Ban ce ta haƙura ba, kuma ina da dalili. Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun wallafa bincike a 2002 inda suka kwatanta ɗalibai masu ƙarfi iri ɗaya, wasu sun je manyan jami'o'i wasu matsakaita. Galibi abin da suke samu bayan shekaru bai bambanta sosai ba. Amma ga 'ya'yan gidajen da ba su da hali, babbar jami'ar tana ƙara musu wani abu na gaske. Mu irin wannan gida muka fito. Burinta ba kwaɗayin suna ba ne kawai, kuma ba zan zama mai kashe mata shi ba.

Abin da na ji tsoro daban ne. Na lura ta mayar da jami'ar da take ciki ɗakin jira. Ba ta shiga ƙungiyar ɗalibai ko ɗaya ba, ba ta taɓa zuwa ofishin malami ba, ƙawa ma ba ta yi ba, wai ai tafiya za ta yi. Sakin reshe kama ganye ke nan. Kuma ko ta fuskar sauyin kansa asara ce, domin mai neman sauyi da sakamakonsa na jami'a ake auna shi, da wasiƙar malamin da ya koyar da shi a can, da dalilinsa na son tafiya. Malamin da bai san fuskarki ba me zai rubuta? "Jami'arku ta fi suna" kuma ba dalili ba ne da ke motsa mai karanta takardu. Na ƙara mata da cewa wani rahoton gwamnatin Amurka na 2017 ya kiyasta masu sauya makaranta suna rasa wajen kashi 43 na kiredit ɗin da suka riga suka tara, wato ma'aunin kwasa-kwasan da suka ci, don haka ta tambayi kowace jami'a, a rubuce, waɗanne kwasa-kwasai za ta karɓa da kuma wane tallafin kuɗi take bai wa mai sauyi.

Ta nemi huɗu a watan Maris: ɗaya daga cikin masu wuyar, da ukun nan. Kafin nan ta je ofishin malamar da ke koyar da su sinadarai don neman wasiƙa, hira ta yi tsawo, malamar ta ba ta wuri a ɗakin gwajinta, kwana biyu a mako. Amsa sai watan Mayu. Jiya da muka yi waya minti arba'in ta yi tana ba ni labarin wani gwaji da ya ƙi fitowa sau uku kafin ya fito, sai da za mu yi sallama ta ce, "Yaya, in sun ɗauke ni, ya zan yi da aikin nan?" Na ce mu bari wasiƙun su zo tukuna, sai mu zauna mu sake lissafi.