Talata, ana jibi suna

Na tashi da murnata. Abban Ummi ya samo rago a farashin da bai kai yadda muka ji tsoro ba, mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya zo kafin rana ta buɗe, ga tukwanen aro sun iso daga unguwar Hindawiyya ta nan Makka. Ina wanke su ina waƙa, Ummi na bin bakina. Da hantsi na zuba kunu a fulas na hau sama wajen Amarya mai jego.

Na tarar da Gwaggo, surukar Amarya, a bakin katifa, jaririn a cinyarta, ta sa Amarya ta tatsi nono a cokalin shayi. Ga tandun kwalli a gefenta. Da na leƙa fuskarsa gabana ya faɗi. Fatar idon dama ta kumbura ta yi ja, ta rufe ruf, mugunya mai kauri tana tsattsafowa. Gwaggo na sharewa da bakin mayafi, tana sake taruwa. Na hagun ma ya soma. Kwanansa biyar a duniya.

"Gwaggo, tun yaushe idon ya yi haka?"

"Kwantsa ce. Wane jariri ne ba ya yi?"

Na dubi Amarya, ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, ga surukarta zaune, ina za ta buɗe baki ta yi maganar ɗanta? Sai a mota ta gaya mini tun jiya da la'asar ta gani, kuma yadda ta ga rana haka ta ga dare.

"Gwaggo, don Allah ki ba ni shi mu kai mustausaf, ƙaramin asibitin nan, yanzu."

"Yanzu? Yaron da ko suna ba a raɗa masa ba, ki fita da shi cikin wannan rana, da mai ɗanyen jego? Ke Maman Ummi, tara na haifa, da nonon nan na wanke idon kowannensu. Wa kika gani da sanda?"

Ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Kwantsar da ta sani ni ma na san ta. Jarirai da yawa ana haihuwarsu hanyar hawayensu a toshe, idon ya riƙa ruwa da 'yar kwantsa, amma farin idon fes yake, babu kumburi, kuma yawanci hanyar tana buɗewa da kanta kafin yaro ya shekara. Haka jan idon manya da ke zaga gidajenmu idan baƙin umara suka yi yawa, galibinsa mako ɗaya zuwa biyu yake yi ya tafi, ko an sa magani ko ba a sa ba. Gwaggo tana yawan ba da labarin Afolon farko, wanda ya ɓulla a Gana a 1969 ya bazu har ya iso garinsu tana budurwa, wai ruwan sukari ne ya cece su. Maƙwabtanmu 'yan Sudan shayi mai sanyi suke rantsewa da shi. Ciwon da dama tafiya zai yi, duk abin da aka ɗiga masa a hanya shi ke kwashe yabo. Wanda aka ɗiga wa fitsari ko ruwan albasa idonsa ya lalace, shi ba ya cikin masu ba da labari a gidan biki.

Amma wannan daban ne. A shekarun da na yi aiki a ɗakin haihuwa a Kano kafin aure ya kawo ni nan, abu ɗaya aka dasa mana a kai: jaririn da bai kai wata ba, idonsa ya kumbura yana mugunya, ba a kwana da shi a gida. Wajen fitowa yake kwasar ƙwayar cutar a jikin uwa. Mafi muni a ciki, ta ciwon sanyi, tana nunawa tsakanin kwana 2 zuwa 5, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya cinye gaban idon ta huda shi, yaro ya makance har abada. Don haka ne a asibitoci da dama ake shafa wa jariri man ido da zarar ya faɗo. Amarya kuwa a ɗakin nan ta haihu a hannun ungozoma, kowa a gidan ya san dalili.

Na durƙusa na yi mata bayani daidai yadda za ta ɗauka. Ta ajiye cokalin, ta ɗauko tandu.

"To kwallin ismid fa? Daga Madina aka kawo mini. Shi ma za ki ce Manzon Allah bai san maganin ido ba?"

"Sallallahu alaihi wasallam. Gwaggo, ban isa ba, wallahi ban isa ba. Amma wa ya tabbatar miki abin da ke cikin tandun nan shi ne wanda ya yaba?"

Nan ne muryata ta soma rawa, don abin yana ci mini rai tun ba yau ba. Yawancin baƙin dutsen da ake niƙawa a sayar da sunan kwalli, a kasuwar Kurmi ta Kano ne ko a shagunan tsaraba na nan, dalma ce a cikinsa. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da aka kai masa daga Najeriya ne, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro ya murza ido, ya sa hannu a baki, ya haɗiye. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara wajen 400 suka rasu. Can ta hanyar haƙar zinare ta zo, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. Ga tsinken kwallin, shi ne ke shiga idon Gwaggo, ya shiga na jikokinta duka. Da ya taɓa idon jaririn nan yau, da gobe yana idon Ummi.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba," ta ce. Sai ta yi shiru. Can ta yi ƙasa da murya har sai da na matsa.

"In suka tambayi takardarta fa?"

Ashe nan gizo ke saƙa. Tun tana matashiya take unguwar Shari'u Mansur, ta ga matan da aka kwashe a motar jawazat, jami'an shige da fice, goyonsu a baya, ta ga waɗanda aka yi wa tarhil, wato aka tasa ƙeyarsu zuwa ƙasarsu, ba su ko koma gida sun ɗauki kaya ba. Amarya ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, jaririn ba shi da takardar haihuwa. Nono da kwalli ba sa tambayar kowa takarda. Na riƙe hannunta na ce ɗanta, mijin Amarya, yana da tasa iƙamar, Abban Ummi zai raka mu, mustausaf mai zaman kansa za mu je, kuma ni zan riƙe jaririn. Ba ta ce to ba. Ta dai miƙo mini shi, ta juya fuskarta bango.

A matakala wata Hajiya ta tare mu da kwalbar maganin ɗigawa, ragowar wanda ta saya a saidaliyya, wato kantin magani, lokacin azumi. Na duba, akwai kotizon a ciki. Irinsa yana kwantar da jan ido nan take, shi ya sa ake sonsa, amma yana iya ƙara wa wani ciwon ƙarfi, in an daɗe ana sawa kuma ya hau da matsin ido. Ga shi kwalbar da aka buɗe ba a wuce mako huɗu da ita. Na yi mata godiya na ce ta zubar.

Zafi a titi kamar bakin tanderu. Abban Ummi ya daɗe yana magana da mai rajista, aka dai bar mu muka shiga.

Likitar 'yar Sudan ce, mai sanyin hannu. Ta wanke idon da ruwan gishirin asibiti, ta ɗebi mugunyar don gwaji, ta yi masa allura, ta rubuta mana takarda zuwa wajen likitan ido gobe da safe. Ta ce gaban idon bai taɓu ba tukuna. Amarya ta fashe da kuka a wurin, kunyar ɗan fari ta tafi. A gida abin da aka yarda mu yi kaɗan ne: a tafasa ruwa ya huce, auduga mai tsabta, a share daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa, a wanke hannu da sabulu kafin da bayan, tawul ɗinsa nasa shi kaɗai.

Muna fitowa ta kira ni gefe. Ta ce in gwajin ya nuna abin da take zato, uwar da uban duka sai sun sha magani, in ba haka ba ciwon yana nan a gidan, yana jiran na biyu.

Abin da ya hana ni cin abincin dare ke nan. Yarinyar nan ba ta san kowa a ƙasar nan ba sai mijinta da uwarsa. Na san yadda irin wannan magana take juyawa idan ta shiga bakin mata ranar suna, na san kan wa take sauka, kuma ba kan namiji ba ne. Ban gaya wa Gwaggo ba, ba kuma zan gaya mata ba. Da magariba na hau gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ce ranar suna dai sai an sa masa kwalli ko a gira ne, don kada a ce jikanta ba shi da gata. Na ce mu bari sai mun ji ta bakin likitan ido.

Abban Ummi na gaya wa shi kaɗai. Ya ce idan sakamako ya fito zai ja mijin zuwa Harami su yi isha'i tare, ya yi masa maganar a hanyar dawowa, kuma shi da kansa zai kai shi a duba shi.