Yadda "taki" ya cinye mini kwana uku

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, ku saurara, kada ku faɗa ramin da na faɗa.

Ƙungiyar manoman ƙauyenmu, can gefen Ringim, ta taɓa roƙona in haɗa mata ɗan shafin shigar da sunayen waɗanda suka karɓi takin zamani. Da Django na yi, wato kayan aikin gina shafin intanet da yaren manhaja na Python, a tsohuwar kwamfutata mai Windows da nake kai wa caji shagon mai sola. Adireshin fayil kuwa da hannu nake ɗinka shi, kamar mai haɗa tsumma. Na rubuta "bayanai\taki". Kwana uku kwamfuta na rantsuwa babu wannan wuri, ga shi kuma ina kallonsa ƙuru-ƙuru. Ashe a Python, sandar nan mai jingina baya (\) in ta haɗu da harafin t, sai su zama tazara. Taki ya koma "aki". Na ninka sandar, na ce shi ke nan. Ranar da na ɗora aikin a saba, wato kwamfutar da ke riƙe shafin a intanet, mai Linux, komai ya sake wargajewa, don can sandar gaba take jingina, kuma "Hotuna" daban, "hotuna" daban.

Abin haushin, maganin yana aljihuna. Tun 2014, da fitowar Python 3.4, aka kawo pathlib, kayan aikin da ke haɗa adireshin fayil da kansa. Django ma daga 3.1, a watan Agustan 2020, ya daina sa os.path, tsohuwar hanyar haɗa adireshi, a sabon settings.py, fayil ɗin saitin aiki, ya koma BASE_DIR = Path(__file__).resolve().parent.parent, wato adireshin babban kundin aikin. Sai ka rubuta BASE_DIR / "bayanai" / "taki" kawai, pathlib zai san irin sandar da kowace na'ura take so. Ni dai girman kai ne ya hana ni, wai na riga na iya.

Amma kada ku yi irin rawar kan da na yi bayan na gane. Dare ɗaya na bi aikin na canja komai. Inda na bar BASE_DIR + "/media" ya yi tsaye da saƙon kuskure na TypeError, don Path, adireshin da pathlib ke haɗawa, ba rubutu ba ne da za a liƙa masa wani da alamar tarawa. Wannan ma da sauƙi, tunda ya yi ihu. Mugun shi ne BASE_DIR / "/media". Sandar farkon nan tana sa a watsar da BASE_DIR gaba ɗaya, ba ko tari. Ku riƙa canjawa fayil ɗaya-ɗaya, kuna gwadawa, kuna buga adireshin a allo ku gani da idonku.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya ba a lambar yake ba. Na gyara manhaja, na manta da takardar bayanin da na rubuta wa yaron da zai gaje ni lokacin da zan tafi Kano. Ya bi ta tiryan-tiryan, ya kwafi os.path.join ya zuba a sabon settings.py, wanda babu import os, layin da ke shigo da os, a samansa. Ana tsakiyar rabon taki, dattawa zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, ya kira ni murya na rawa: "Yaya, wai ba ta san os ba." Sakatare ya koma littafi da biro har la'asar. Yaron aka yi ta harara, alhali laifina ne.

Yanzu ba na rufe kwamfuta sai na buɗe takardar bayanin, na kwafi kowane misali da ke ciki, na gwada shi a sabon aiki kamar baƙon da bai taɓa gani ba. Wancan makon ma sai da na tsinci os.path biyu da suka laɓe a sashen hotuna.