Abin da ke faruwa a bayan bangon bututu

Zaman da na yi a ɗakin binciken tsoka, inda ake yanka samfuri siriri a ɗora a gilashi a duba da madubin ƙara girma, ya sauya yadda nake kallon sankarar mama ta matakin farko, wadda likitoci ke kira DCIS. A wannan mataki ƙwayoyin cutar na nan cikin bututun nono, ba su fasa bangonsa ba. Can ido ke fara zuwa, amma malamarmu kullum sai ta ce, "Ɗan nan, duba waje."

Dalilinta kuwa, cikin bututun babu jijiyar jini ko ɗaya. Abinci da iskar oksijin daga waje suke ratsowa. Idan ƙwayoyin suka cunkushe, na tsakiya sai su shaƙe su mutu, sinadarin kalsiyam ya taru a wurin, shi ne fararen ɗige-ɗigen da hoton mamogiram, wato hoton X-ray na mama, ke nunawa. Masu sauran rai kuma su saki sinadarin VEGF mai sa jijiyoyi tsirowa. Da an rina gilashin da CD31, rinin da ke fito da jijiyoyin jini, sai ka ga 'yan jijiyoyi ruwan ƙasa sun zagaye bututun kamar warwaro a hannu. Wani sa'in kuma a barbaje suke cikin tsokar da ke tsakani. Tun 1971 likitan Amurka Judah Folkman ya ce ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai da sabbin jijiyoyi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ga su sun iso alhali cutar ba ta ko leƙo waje ba.

Kumburi ya fi wuyar fassara. Fararen ƙwayoyin jini kan yi cincirindo a bakin bututun, musamman a nau'i mai zafi, wato mai saurin girma, da mai ɗauke da HER2, sinadarin da ke ingiza ƙwayoyin su yawaita. Kada ka yi saurin cewa dakarun jiki sun kawo ɗauki: wasunsu na yaƙi, wasu kuwa su ma VEGF ɗin suke fitarwa.

Ƙirga jijiyoyi dai bai isa ya nuna wacce sankara ce za ta fasa bango ta ɓalle ba. Mutum biyu ma kan saɓa, gwargwadon gurbin da kowa ya zaɓa. Shi ya sa rahotonmu ke tsayawa kan zafin ƙwayoyin, girman wurin, da ko an cire shi tas.

A Ingila, kusan kashi 20 cikin 100 na sankarar da gwajin mamogiram ke ganowa irin wannan ce. A wurinmu, yawancin samfuran kan iso ne bango ya riga ya fashe.