Alhamis: gwajin fitilun wasan kwaikwayo bayan tashi daga ofis

Ana tashi ofis ƙarfe 4, gwaji kuma ƙarfe 6, kusan rabin wannan tazarar a hanya take ƙarewa. Don haka tun hutun azahar na tura wa 'yan wasa jadawalin lokacin da kowa zai iso ta WhatsApp, makullin ɗakin kaya kuma yana hannun mataimakiyata. Kafin in iso ta share dandamali, ta jera kayan wasa. Teburin kayan an shimfiɗa masa takarda, an zagaye mazaunin kowane abu da alƙalami an rubuta sunansa, in buta ko carbi ya yi ƙafa kallo ɗaya ya isa a gane.

Yau ba a bi wasan duka ba, daga umarni zuwa umarni muka riƙa tsallakawa, wato wuraren da ake cewa mai fitilu ya sauya haske. Kowane umarni da lambarsa a gefen rubutun wasan, da fensir, don darakta ba ya kwana biyu bai sauya ra'ayi ba. Kira biyu ake yi: "Fitila 14, shirya," sai lokacin ya yi a ce "Fitila 14, tafi." A nan muka sha wuya. An ɗaura umarnin a kan wata jimla, mai fitowa a matsayin maigari kuwa ya tsallake ta, sai aka bar shi cikin duhu yana ta zuba. Na mayar da umarnin kan motsi: da zarar ya zauna a tabarma, fitila ta kama. Ɗan wasa kan mance magana, amma da wuya ya mance zama.

Magariba tana cikin jadawali, minti 20. In ba a rubuta ba, mutane kan zame ɗaya bayan ɗaya.

Wajen ƙarfe 8 aka ɗauke wuta. Kafin janareto ya tashi na'urar sarrafa fitilu ta mutu, tsarin da ba a adana a cikinta ba ya tafi. Yanzu doka ce: a adana bayan kowace fitowa, ranar wasa kuma a kan janareto za a fara. Makirufon da ba su da waya sababbin batura kowane dare, tsofaffin a bar wa gwaji.

Rahoton gwaji ya fita kafin 11: salatif ɗin da ke nuna inda za a ajiye kujera ya ɓare, hular dogari ta yi kaɗan. Rubutun wasan mai lambobin umarni na bar wa mataimakiya, don gobe akwai taro a ofis, wataƙila ita za ta fara kiran fitilu. Kwanakin hutun shekara da suka rage na ajiye wa makon buɗewa.