Karfasar da muka saka ta ƙi nutsewa

Ranar Asabar na bi wani dattijo masunci a kwale-kwale cikin dam ɗin Zobe, can Dutsin-ma, muka kai inda ruwan ya fi zurfi wajen bangon dam, ya jawo fatsa da sauri sai ga 'yar karfasa ko tafin hannuna ba ta cika ba. Na ce Baba don Allah a sake ta ta ƙara girma, ya ce to ɗana ga ta nan, ya zare ƙugiya ya jefa ta. Wallahi ba ta nutse ba. Tana kwance ta gefe ciki ya kumbura tam, tana ta kaɗa jela za ta yi ƙasa ruwa na maido ta sama, muna kallo shirwa ta sure ta.

Abin ya tsaya mani a rai, don ni na roƙa a sake ta.

Ashe ba gajiya ba ce, jakar iskar nan ce ta cikin kifi, farar nan mai kamar balan-balan da ake cirowa in ana gyara shi. A ƙasa nauyin ruwa ke matse iskar, to in ka fizgo kifi daga zurfin mita 10 iskar ninki biyu take yi kafin ya iso sama, daga mita 30 kuwa ninki huɗu, kuma irin su karfasa da giwan ruwa jakar tasu a rufe take, iskar ta cikin jini take fita a hankali, ba yadda za su yi su amayar da ita nan take. Kifin teku da ake jawowa daga can ƙasa har idanu ke firfitowa, tumbi ya leƙo ta baki, wasu su ɗauka jakar ce su soke shi, nan ma sun ƙarasa kifin ke nan.

A Amurka abin har doka aka yi masa, a Janairun 2022 aka wajabta wa masu kamun kifin duwatsun ƙarƙashin ruwa a Tekun Meziko su riƙe abin mayar da kifi ƙasa ko allurar fitar da iska a jirgi. Allurar sai wanda ya iya, amma na farkon ba wani abu ba ne, nauyi ne da ƙugiya marar ƙaya a kife, ka maƙala a leɓen kifi ka zura igiya, in ya kai ƙasa iskar ta sake matsewa sai ka ɗan fizga ya zame ya tafi. Ba duka ke rayuwa ba, amma ya fi a bar shi yana yawo a sama rana na dukan shi.

Na yi wa Baba bayani ta waya, ya ce dalma dai akwai ta a jikin koma, in zo da igiya mai tsawo Asabar mai zuwa.